Ɗorawarka da Ɗorewarka

Zuwa ga ɗana Magaji, ɗalibi a ƙasar Turai, ko a duk ƙasar da taro ya kai shi cikin wannan wata.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗansa, da tambayar lafiyarka da ta malamanka, da tambayar yadda kake fama da sanyin nan da aka ce yana shiga har cikin ƙashi, ina sanar da kai mu nan Danwarai lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Innarka tana gaishe ka. Ba ta ce in gaishe ka ba, ka san ba za ta faɗa ba, amma tun da na ɗauko alƙalami take share wuri ɗaya a tsakar gida, ni kuma na fassara.

Kada ka yi mamakin ganin ubanka a jarida, tsakanin tallar taki da sanarwar canjin suna. Na aika maka wasiƙu ta gidan waya na Jega, shiru. Ma'aikacin wurin har ya san tarina, kafin in yi sallama ya girgiza kai. Ina jin suna can ƙarƙashin ƙofarka kai kuma kana wata ƙasa kana gyara duniya. Kai ka taɓa gaya mini jaridar nan tana isa ɗakin karatunku ko da ta kwana biyu a hanya, kuma 'yan Arewa na can kuna karɓarta hannu da hannu. To na san wani zai riga ka gani, ya zo ya taɓa kafaɗarka ya ce tsohonka yana kiranka a shafi na ciki.

Ka san iyakar bokona. Aji uku na yi a elemantare, kakanka ya cire ni ranar da ya gane malaminmu bai san lokacin dashen albasa ba. Sauran karatun a bayan motocin Kurmi na ƙarasa shi, da jikin buhun taki. Don haka in ka ga waƙafi ya faɗi inda bai kamata ba, ɗauke shi ka mai da shi wurinsa, kai ne mai digiri.

Maganar ɗorawarka ce. Baffanka Garba zai sare ta in ba a ji daga bakinka ba kafin a fara sharar gona. Na faɗa maka tun daga sama don kada surutuna ya binne ta, ka san ni in na kama zance sai na bi ta Maiyama kafin in iso Aliero.

Ban sani ba ko har yanzu kana tuna yadda ta zama taka. Ranar sunanka ne. Kakanka da ka ci sunansa, wanda saboda shi har yau bakina bai iya kiranka da komai ba sai Magaji, ya miƙe bayan an shafa fatiha ya ce ɗorawar da ke gabashin gonarsa ta jaririn nan ce, jama'a su shaida. Wasu jarirai tunkiya ake ba su, kai aka ba ka itace mai tsawon masallaci. Da Allah ya karɓi ransa aka zo rabon gona, igiya ta bi ta inda ta bi, gefen da ɗorawar take ya faɗa rabon ƙanena Garba. Ƙasa tasa, itace naka. A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne, kowa ya san gonar da take da mai ita daban, itacen cikinta da mai shi daban.

Innarka ce take riƙe maka ita tun kana goye. Duk bazara ta ɗauki dogon gora mai ƙugiya ta tafi. Garin a dama wa yara, kalwar ta dafa ta surfa ta rufe har gidan ya ɗauki warin da kake toshe wa hanci, makubar, wato ɓawon kwanson, kuma a yi daɓe da ita. Kana ɗan shekara shida ko bakwai ka taɓa dawowa da baki rawaya har kunne, ka tsaya gabana ka ce ko kusa da gonar ba ka je ba. Ban dake ka ba. Na ce yaron da zai iya wannan magana da irin wannan fuska, ko dai alƙali zai zama ko ɗan siyasa. Ashe abin naka ya fi nan.

Yanzu ga inda ubanka ya shigo da nasa ilimin.

Da ka fara babban digirin nan ka rubuto mini a shuɗiyar takardar nan ta jirgi. Ka ce bincikenka a kan ɗorewa ne, da yadda ƙasashen duniya za su haɗa kai a kanta. To rubutunka tun da ka shiga jami'a ya lalace, kowane baƙi ya koma kamar kashin awaki, ba a gane wannan da wancan. Ni kuwa ido ya ga abin da ya sani. Na karanta ɗorawa.

Ko ɗigon shakka ban yi ba. Na ce ai dama. Yaro ya tashi a gindinta, ya ci garinta, miyar gidansu da ita ake yi, me zai karanta in ba ita ba? A kwanakin nan kuma rediyo yana ta faɗin shugabannin duniya sun yi wani babban taro can hayin teku a kan itatuwa da iska da ruwa. Na haɗa wannan da wancan, lissafi ya fita. Na ce wato Turawa sai yanzu suka gano daddawa.

Ban bar shi a cikina ba. Na faɗa a tashar Aliero wurin masu lodin albasa. Na faɗa a kasuwar Jega, rumfa rumfa. Da aka yi biki a Liba, garin su innarka, na faɗa wa surukaina tun kafin a kawo ruwa. Mahautan Jega suka sa mini Baban Daddawa, ni kuma ina amsawa da ƙarfi, don a ganina sarauta ce. 'Yan uwan innarka suka cika gwangwanin madara da kalwa suka ce a aika maka ka gwada a injin Turawa. Wata tsohuwa ta tako tun daga Gehuru ta ce a tambaye ka me ya sa tata ɗorawar take zubar da fure kafin ya ɗaure. Na ga hanya da nisa, kuɗin kan sarki kuma ba wasa ba, sai na amsa mata a madadinka. Na ce ka ce ta hana masu awaki sassabe mata rassa da rani. Bara ta aiko da godiya da curin daddawa, ta ce Allah ya ƙara maka ilimi. Ka ga ka fara aiki a ƙasarku ba ka sani ba.

Wanda maganar ta fi kamawa shi ne baffanka. Tun da aka raba gona yake ƙorafin inuwa, yana cewa geron da ke ƙarƙashinta ba ya wuce gwiwa. Da ya ji ƙasashen duniya suna taro a kan ɗorawa, kuma ɗan wansa yana cikin masu rubuta musu takarda, sai ya daina ƙorafin. Na ƙara masa da cewa wata rana za ka zo da Turawa da igiyar awo, kuma gonarsa za su fara shiga. Wannan ba ka faɗa ba, ni na ga ya dace. Garba har ƙaya ya kewaye ta da ita. Damina biyu ana haka, itace yana tsaye cikin mutunci, ni ma haka.

Sai ka aiko da bugaggiyar takardar nan taka ta Turanci, mai sunanka a sama. Na yi ta yawo da ita a aljihun gaba, kanta a waje don a gani. Sunanka kaɗai na iya karantawa, amma ya ishe ni. Ran nan na ce bari dai in ji abin da aka ce game da kalwa, na kai wa Malam Haliru, abokin karatunka da ke koyarwa a sakandaren Jega. Da mai hankali ne da gida ya bi shi. Ni a rumfar albasa na tare shi, ranar kasuwa, na tara mutane, har da baffanka, na ce a yi shiru Malam zai karanta.

Ya buɗe, ya juya, ya koma baya, ya sake juyawa. Can ya ce cikin ladabi, Baba, babu ɗorawa a nan ko ganye ɗaya. Ya ce ɗorewa ce, wato abu ya daɗe bai ƙare ba, a ci yau a bar wa na gobe.

Magaji, an yi dariya. Wani mahauci sai da ya zauna a kan kwandon tumatir ɗin mutane. Ni ma na yi, don in ana dariyar mutum gara ya shiga ciki a gama da wuri. Mutum ɗaya ne bai yi ba. Baffanka ya tsaya yana shafa gemu yana kallon hanyar Danwarai, na san gatari yake gani.

Kunya ta sa na ce to tun da na sha dariya a kan takardar nan, sai na san abin da ke cikinta. Na riƙa tsare Malam Haliru duk ranar kasuwa bayan la'asar, ni da shayi shi da fassara, har muka kai ƙarshenta. Bari in faɗa maka abin da na fahimta, in na sake karanta ɗorawa ka gyara.

Ka ce akwai abubuwan da ba na ƙasa ɗaya ba ne. Iska, da teku, da manyan dazuzzuka, da kogin da ya taso a wata ƙasa ya faɗa wata. Hayaƙin da aka tayar a can yana iya hana ruwa sauka a nan, kuma ba ya tsayawa a kan iyaka a duba masa takarda. Ka ce matsalar ita ce duniya ba ta da mai gari. Kowace ƙasa sarki ce a gidanta. Ana taro, a sa hannu, a ɗauki hoto, kowa ya koma gida, in wani ya saɓa babu dogarin da za a aika masa. Nan na ce wa Malam ya dakata in kurɓi shayi, don ni duk zatona akwai wani babban ofis a can da ke tsawata wa ƙasashe. Ashe su ma roƙon juna suke kamar 'yan adashi.

Ka ce ko a kan irin gobe da ake so ba a daidaita ba. Wasu suna so a kafa hukuma ɗaya mai haƙori ta tsare wa kowa. Wasu sun ce a sa wa komai farashi, har iska, kasuwa ta gyara. Wasu sun ce a bar wa mutanen da ke zaune a wurin, su suka san dajinsu. Kowa da irin aljannarsa, kuma kowa aljannar tasa ta yi kama da gidansu. Wannan na ƙarshe ni na ƙara, amma Malam ya ce kusan haka ka ce.

Inda ka fi daɗewa shi ne rigimar masu shi da marasa shi. Ƙasashen da suka yi arziki sun sare nasu dajin tun tuni, sun ƙona abin da za su ƙona, sun gina abin da za su gina. Yanzu sun waiwayo suna ce wa matalauta ku bar naku a tsaye, duniya tana bukatarsa. Matalauta kuma suna cewa to wa zai ci da mu? Ka kuma ce akwai waɗanda abin ya fi shafa amma ba su da kujera a taron, su ne waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wannan ta shige ni. Na hau keke ina maimaita ta har gida don kada ta zube a hanya.

Ba a daɗe ba baffanka ya kai magana gaban mai gari. Ka san tun da aka ba mu jiharmu gari ya buɗe. Gidajen biredi sun yi yawa a Jega, Birnin Kebbi kuma kullum gini ake, kowa itace yake nema. Wani mai gidan biredi ya zo ya zagaya ɗorawarka har sau biyu yana buga gindinta kamar mai sayen sa. Garba ya ce a zauren, gonarsa ƙarama ce, gidansa ya cika da baki, inuwa ta cinye masa gefe guda, tsuntsayen da ke sauka a kanta su cinye sauran. Ya ce da ya haƙura don an ce ta duniya ce. Yanzu an gano ta yaro ɗaya ce, yaron kuma ko gaisuwarta ba ya aikowa.

Na miƙe da ilimina sabo fil. Na gyara riga. Na yi maganar iska, na yi ta hamada da ke matsowa daga arewa, na yi ta ruwan sama da ke bin itace. Na ajiye musu ta waɗanda ba a haifa ba a ƙarshe, na ga har liman ya gyaɗa kai. Don in nuna zurfin karatu, sai na ƙara da labarin ƙasashe masu arziki da matalauta, tiryan-tiryan yadda ka rubuta. A nan na yanka kaina da wuƙata.

Baffanka ya bari na zauna. Ya ce, "Yaya, ashe yaron ya san gaskiya. Mai icce shina Turai, ni ad da inuwa cikin gona. Waɗanda ba a haihwa ba Allah shi kawo su lahiya, amma nawa an haihe su, kuma suna cin tuwo."

Na nemi amsa a aljihun dama, na nema a na hagu, takardarka kaɗai na taɓa, ita kuma tana bayansa.

Mai gari ya yanke cewa ba a sare itacen mutum in ya ce a bari, amma shirun mai itace ba zai zauna a kan abincin wani har abada ba. A jira a gama kaɗe ɗorawar bana. In an gama, an fara sharar gona, ba a ji daga gare ka ba, to ka saki. Na ce ai ga ni, ni ubanka ne, in faɗa a madadinka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mani, ka yi shekara biyu kana magana da bakin yaron nan, mun ga inda ta kai mu." Aka sake dariya. Wannan karon ban samu shiga ciki ba.

Tun ranar ban zauna ba. In na je fadama wajen albasa sai in ga ƙafata ta kai ni gonar Garba. In na je gonar Garba sai in tuna ba ni da abin yi a can, in juyo. Na bar ruwan ban-ruwa ya cika fangalin albasa har ya karya, abin da ban yi ba tun ina yaro. Na hau mota zuwa Jega ranar da ba kasuwa, na tsaya gaban gidan waya, na dawo. Innarka ta ce in nemi wuri in zauna ina sa mata jiri. Na zauna, na miƙe.

Ba gori nake maka ba, Magaji. Takardarka ce ma ta buɗe mini ido. Da ina ganin Garba mai kwaɗayi ne kawai, ɗan uwan da ya ga kuɗin biredi ya manta da ubansa. Yanzu na je na tsaya a ƙarƙashin itacen da tsakar rana, na auna inuwar da ƙafa, na ga abin da take ci masa. Da a gonata take, ban san abin da zan ce ba. A wannan ƙaramin taro namu kai ne babbar ƙasa. Kana nesa, ba ka rasa ko zangarniya ɗaya, kuma kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta ɗaure hannun mutum.

Shi ya sa nake roƙonka, in za ka ce a bar ta, kada ka aiko da a bar ta tsirara. Za a bar ta, don mai gari ya faɗa. Amma ni na san itacen da aka bari dole. Wata shekara a tara kara a gindinsa a ce wuta ce ta ɓalle, wata shekara a ga an zagaye ɓawon da wuƙa ba a san wanda ya yi ba. Ba na ce Garba zai yi ba. Ina cewa yana da 'ya'ya, kuma za su girma suna jin itacen ɗan birni ne ya rage musu tuwo. Malam Haliru ya ce da haka ka rufe takardarka, cewa yarjejeniya ba ta ɗorewa sai wanda zai ɗauki asarar ya zauna an yi da shi, kuma ya ga nasa a ciki. To ga wuri ɗan ƙarami ka gwada, mutum biyu da itace ɗaya, kuma mu har mai gari gare mu.

Ni a nawa guntun tunani, a raba amfanin. Gidan Garba su shiga kaɗa, su ɗauki rabin kalwa da gari. A rage rassan da suka miƙa yamma kan geronsa, itacen rassan ya zama nasa na girki. Ko kana da dabarar da ta fi wannan, kai ka zauna da waɗanda suka raba teku. Abin da na sani shi ne ni ba ni da ikon bayar da ko kwanso ɗaya. Na tuntuɓi innarka, ita da wahalar take kanta, ko za ta yarda a raba. Ta ce ita ajiya aka ba ta, mai ajiya ba ya kyauta. Daga nan ta ci gaba da tankaɗe.

In kuma ka ce a sare, faɗi. Ba zan yi fushi ba. Taka ce, kuma baffanka jininka ne, in ka bar masa ka yi zumunci. Zan je in tsaya a wurin da kaina a kayar da ita ta gefen da ba za ta danne kunyar gonar kowa ba. Abin da ba na so shi ne ta faɗi don ba ka ji ba, ko don ka ji ka ce sai ka gama babi na gaba.

Akwai kuma wata magana da na yi ta kewayewa tun farkon takardar nan, ina ta ba'a don kada in iso ta. Ɗakinka ƙanenka ya shiga da amaryarsa. Kekenka ya tsufa a hannun yara. Abokanka sun watse, wasu Sakkwato, wasu sabuwar sakatariyar Birnin Kebbi. In baƙo ya zo Danwarai yau ya ce a nuna masa abin Magaji, itacen nan kaɗai za a kai shi. Har yara da ba su taɓa ganinka ba, in an aike su cewa ake su bi ta ɗorawar Magaji su karya dama. Da sunanta suke sanin akwai ka. Na san ba itace ke dawo da mutum gida ba. Amma ina tsoron ranar da za ka zauna can ka lissafa abin da ya rage maka a nan, ka ga tsofaffi biyu ne kawai, su kuma ba su da tabbas.

Ban hana ka karatu ba, ban kuwa yi nadama ba. Ranar da na raka ka tashar Jega ka hau motar da ta fara nisanta ka da mu, na yi ta ba direba dariya har motar ta tashi, don kada ka waiwayo ka ga fuskata. Ka yi karatunka. Duniya tana bukatar wanda zai gaya mata a cikin Turancinta cewa mai inuwa a gona shi ma mutum ne. Ni dai minti kaɗan nake nema daga cikin shekarun nan.

Kada ka rubuto, wasiƙa ba za ta riga ruwa isowa ba. Makarantar su Malam Haliru tana da waya a ofishin shugaba, ka san wurin. Ka buga ka faɗa wa Malam Haliru, mai gari ya ce ya yarda da shaidarsa. In da hali ka ce a kira baffanka ranar kasuwa ku yi magana baki da baki, ka gaishe shi tukuna, ka tambayi iyalinsa, kada ka fara da iska da hamada kamar wani da na sani.

Ka hanzarta, don ga halin da ake ciki. Ɗorawa ta nuna tun tuni. Innarka, wadda ta saba kaɗe ta cikin 'yan kwanaki, bana kullum sai ta ɗauki gora ta tafi ta dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Yau ta ce kafaɗa, gobe ta ce ƙugiya ta kwance, jibi ta ce na saman nan ba su gama bushewa ba. Ba mu taɓa yin maganar wannan jinkiri da ita ba. Mai gari dai ya ce sai an gama kaɗewa, ita kuma ba ta gama ba.

Baffanka ya sani. Shekaranjiya ya same ta a gindin itacen, ya gaishe ta, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon abin da ya rage a sama. Ya ce, "Innar Magaji, bi a hankali, kada ki ji ciwo." Ya saɓa fartanyarsa ya wuce can ƙarshen gona ya fara shara daga nesa.

Kowa ya yi iyakar abin da zai iya yi maka, har wanda ya kai ƙara. Amma kwanson ya fara faɗowa da kansa, awaki suna tsincewa, kuma jiya da yamma gabas ta yi baƙi har an ji ƙamshin ƙasa. Ruwa ba ya cikin waɗanda za mu iya roƙo su dakata.

Allah ya tsare mini kai a inda ido ba ya kai. Ya buɗa maka abin da kake nema, ya sa ilimin ya amfani mutanen da ba za su taɓa sanin sunanka ba, da waɗanda suka raɗa maka shi. Ya huwace wa baffanka abin da zai ci da iyalinsa, ya ba innarka lafiyar kafaɗa ta gaske. Ya sa takardar nan ta riga hadari isa. Ya haɗa fuskokinmu tun muna iya gane juna. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Mani mai albasa, Danwarai, ta hanyar Aliero.